Gari ya faɗaɗa: wa ke samun fegi?



Ƙidayar 2012 ta sami mutane fiye da 570.000 a gundumar Magarya, da fiye da 350.000 a ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Jama'a na ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Duk sa'ad da gari ya faɗaɗa, gonar wani ce ake kafa wa turaku.

To, wa ke samun fegi? Ɗan kasuwa mai safarar Babura da Maigatari yana da kuɗi, ma'aikaci ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Manomi, in an ba shi 'yan filaye diyyar gonarsa, yakan sayar kafin kaka don ciyar da iyali, ɗansa ya tashi ɗan haya a garin kakanninsa. Maƙeri da mai tuyar ƙosai da makiyayi kuwa, taswira ba ta san da su ba.

Alhali doka ta yi magana. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 ta hana mutum ya mallake makiyaya.

Roƙonmu ga hukumomin gari: a ware filin lakwal da likita da kasuwa da maƙabarta da burtali kafin sayarwa, a liƙa sunayen masu samu a bainar jama'a. Mu masu saye kuma, mu tambayi asalin fili kafin mu biya. Hana wani, hana kai.