Ba A San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

A ƙasashen sanyi, kamar su Kanada da Amurka, akwai wasan da a ke kira hokin ƙanƙara. Mutum shida-shida ne ke karawa, suna sulɓi bisa ƙanƙara da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti guda bai fita ya huta ba. Mata ma suna yinsa, har an shigar da nasu cikin wasannin Olamfik a 1998.

Abin da mu ke so malamai su duba shi ne yadda ƙarfin 'yan wasa ke hawa da sauka tsakanin farkon kakar wasa da ƙarshenta. A 2024 aka fara wata gasa ta mata ƙwararru, kulob shida, kowane da wasa 24. 'Yan Toronto suka ci wasa 11 a jere, suka zo na ɗaya. 'Yan Minnesota kuwa aka cinye su sau biyar a jere daf da ƙarshe, da ƙyar suka sami na huɗu.

Da aka zo zagayen neman kofi, sai Toronto ta zaɓi Minnesota, ta cinye ta sau biyu. A karawa ta uku Natalie Spooner, wadda ta ci wa Toronto ƙwallo 20, ta ji ciwo a gwiwa. Minnesota ta ci uku a jere, sa'an nan ta kayar da Boston, ta ɗauki kofin.

Ba mu ce ciwon nan kaɗai ya jawo haka ba. Amma lalle jikin ɗan Adam ba ya zama a hali guda wata da watanni. Yawan wasa da tafiye-tafiye suna tara gajiya, gajiya kuwa tana rage sauri, ta buɗe wa rauni ƙofa.

Don haka muna roƙon malaman da ke kula da wasanni, na maza da na 'yan mata, su riƙa tsara hutu kamar yadda su ke tsara horo. Kada a matse yaro mai hazaƙa tun farkon shekara har ya ƙare kafin ranar gasa. Kada kuma a fid da rai daga wanda ya yi sanyi na 'yan makonni, gama wataƙila hutu kawai ya ke bukata.