Tsakar Gidan Gwallaga Inuwa Take Buƙata Kafin Ado

A watan Afrilu, da an idar da azahar a Masallacin Gwallaga da ke Bauchi, kowa gindin darbejiya yake nema. Amma mai sabon gida idan ya je wajen masu sayar da dashe a bakin titi, abin da yake fara nunawa shi ne doguwar bishiyar nan siririya da ake kira maskared, 'yar asalin Indiya da Siri Lanka. Sai ya jera ta a jikin katanga, ya malale sauran filin da intalok. Rassanta a sunkuye suke, manne da jikinta, inuwarta ba ta isa a shimfiɗa tabarma ba. Uwargida ce za ta ɗanɗana kuɗarta, ita da ke girki da wanki a tsakar gida.

A garin da rufin kwano ke tafasa ɗaki daga Maris zuwa saukar damina, bishiya mai inuwa ce ya kamata a fara ba wa wuri. Sai dai ba kowace ba. Durumi da ceɗiya na dandali ne. Saiwarsu na bin danshi har ta tsaga sokawe ta ɗaga daɓe. Itacen turare zuƙar ruwa gare shi, ga karyewar reshe a iskar farkon damina. Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Barno a 1928, ta fi dacewa da ƙofar gida, inda maƙwabta ma za su sha inuwarta. A ciki kuwa, mangwaro ɗan aure guda ɗaya, nesa da bango, ya wadatar. Idan filin ya matse, a sa gwaiba ko lemun tsami.

Ƙananan shuke-shuken ado sai su biyo baya, a gefen katanga, kuma a duba shan ruwansu. Rani a Bauchi yakan kai wata shida, kuma gidan da ke sayen jarka wajen 'yan garuwa ba zai jure ban ruwa safe da yamma ba. Lalle ya san wannan ƙasa: yana jure fari, yana yin shinge, furensa na ƙamshi, ganyensa kuma na shiga hidimar biki. Boganbiliya ma a rani take cika fure.

Oliyanda kam a guje ta duk kyan furenta, domin ganyenta guba ne ga yara da awaki. Dashen kuma a bari sai Yuni, ruwa ya zauna, a kewaye shi da ƙaya ko raga.