Kurame a Filin Wasa: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwa, a gasar Olamfik ta Sidni a shekarar 2000, wani saurayi daga Afirka ta Kudu mai suna Terence Parkin ya zo na biyu a iyon mita 200, ya karɓi lambar azurfa. An haife shi kurma. Bai ji ƙarar farawa ba, walƙiyar fitila ya bi ya faɗa ruwa.

Mun ga ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kan wannan. Ɗan wasa mai ji, in ya fara sanyi kocinsa zai daka masa tsawa, ihun 'yan kallo kuma ya ƙara masa ƙarfi. Kurma ba shi da ko ɗaya. A gasar kurame ta duniya, wadda aka fara a Faris a 1924, aka kuma yi ta a Tokiyo a 2025, ba a yarda ma da na'urar taimakon ji a lokacin wasa. Alƙalin ƙwallo tuta yake ɗagawa a madadin usur.

To, da me kurma zai riƙe kansa? Da shirin da ya yi a zuci. Manyan 'yan wasa sukan zauna shiru kafin ranar, su ga kansu a fili, su bi tseren daga farko har ƙarshe: inda za su juya, inda numfashi zai yi wuya, abin da za su yi in abokin gasa ya wuce su. Masana sun gano cewa wannan yana motsa sassan ƙwaƙwalwa da ke aiki in jiki ya yi motsin da gaske. Ga kurma wannan shiri ya zama dole, don da an fara babu mai tuna masa komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ra'ayinmu shi ne, irin wannan ƙarfin hali koyonsa ake yi, kuma yaro ba ya koyonsa a zaune a ƙofar gida. Kurame nawa ne a cikin 'ya'yanmu da muke bari a gefen fili suna kallo, muna cewa tausayinsu muke ji? Tausayin nan cuta ne. Mu sa su a ƙungiyoyin ƙwallon matasanmu. Mai horar da su ya koyi maganar hannu, ya zana musu dabarun wasa a ƙasa, ya riƙe tuta tare da usur. In suka faɗi, mu bar su su tashi da kansu kamar kowane yaro.