A Gwada Linux Kafin A Sayi Sababbin Kwamfutoci

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 ne kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da dama ba sa ɗaukar Windows 11. Don haka wasu 'yan kasuwa na duba yiwuwar komawa Linux, wadda ake samu kyauta.

Sai dai gaggawa na da hatsari. Birnin Munich na Jamus ya mai da ofisoshinsa kan Linux, amma a 2017 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Windows.

Abin da ya dace shi ne gwaji. Manhajar VirtualBox tana ware wani sashe na ƙarfin kwamfuta, a girka Ubuntu a cikinsa, Windows kuwa na ci gaba da aikinta. Sai akawu ya buɗe takardun lissafi da LibreOffice, ya buga rasit. Aikin zai ɗan yi nauyi, amma in bai gamsar ba, sai a goge ba tare da asarar ko kwabo ba. Gani dai ya kori ji.