Takardar Koke Kan Yadda Ake Tozarta Mu da Bayanan Sirrinmu

Zuwa ga Mai Girma Kwamishina,
Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Mu ƙananan 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu da malaman makaranta mazauna birnin Kano, mun kawo kukanmu gabanka, domin a wuyanka doka ta ɗora amanar tsare sirrin ɗan ƙasa.

A watan Disamba na 2020 aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Muka yi jerin gwano cikin rana, muka ba da hotonmu, zanen yatsunmu, ranar haihuwa da adireshin gida, ba tare da gardama ba. Sai ga shi a 2024 an bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da irin waɗannan bayanai a kan naira 100 kacal. Yanzu ɗan damfara kan kira mutum da cikakken sunansa, ya karanto masa ranar haihuwarsa, ya ce daga banki yake. Da yawa daga cikinmu ta haka suka rasa jarinsu.

Amma abin da ya fi ci mana rai shi ne manhajojin ba da rance. Talauci kan sa mutum ya sauke ɗaya a wayarsa, a shimfiɗa masa sharuɗɗa masu tsawo da Turanci, ya danna amincewa bai san abin da ya miƙa ba. Nan take a kwashe duk lambobin da ke wayarsa da hotunansa. In ya yi jinkirin biya, ko da na kwana biyu ne, sai saƙo ya isa ga surukansa, limamin unguwarsu da abokan cinikinsa cewa ɓarawo ne. Akwai wanda aka yaɗa hotonsa da sanarwar mutuwa alhali yana raye. Akwai matar da aurenta ya girgiza saboda rancen da ta ci don sayen magani. Har waɗanda ba su taɓa cin bashin kowa ba suna shan zagi, laifinsu kawai lambarsu tana wayar wani.

Ba mu manta da matakan baya ba. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin rance naira miliyan 10, kuma tun watan Mayu na 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna. Sai dai sukan sake suna su dawo, a riƙa tura su ta WhatsApp.

Ranka ya daɗe, ko bayan an biya bashi, bayananmu suna nan jibge a rumbunan ajiya na intanet, babu mai gaya mana ƙasar da suke, ko an kulle su da makullin sirri, ko wa aka sayar wa. Tun bara muke rubuta wa kamfanonin nan muna roƙon su goge su. Mun sake rubutawa, mun kira lambobinsu, har yau shiru.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar mana da 'yancin sirri. Dokar Kare Bayanai ta watan Yuni na 2023 ta ba mu damar janye amincewarmu da neman a goge bayananmu. Ƙasar da ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024 ba za ta gaza da waɗannan ƙananan kamfanoni ba.

Don haka muna roƙonka ka tilasta musu goge abin da suka kwasa, a biya diyya ga waɗanda aka ɓata wa suna, a wajabta rubuta sharuɗɗa da Hausa, sannan a samar mana da layin kai ƙara da harshenmu. Ka dubi halin da muke ciki, ka share mana hawaye. Allah ya taya ka riƙo.

Mu ne masu biyayya gare ka,
A madadin dukkan masu koke.