Manufar Ikilisiya Ba A Bango Take Ba

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, majami'u da yawa a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan suna da kyakkyawar manufa a rubuce, a bango ko a kalanda. Amma fa rubutu ba ya ciyar da gwauruwa, ba ya kuwa koya wa yaro baƙi.

Mu tuna da mutanen Gimi ta ƙasar Maƙarfi. A 1913 waɗansu Isawa suka je wurin Likita Mila a Zariya. Daga baya suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, suna noma, suna sa 'ya'yansu a makaranta. Ciwon barci ya hallaka da yawansu, amma zuriyar waɗanda suka tsira ta riƙe ikilisiya a Zariya da Wusasa. Su aikinsu ne manufarsu.

An kafa Dayosis ɗin Angilikan na Ikara. Abin murna ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bishop da fasto kaɗai ba za su iya ba.

Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, ga shi har yau akwai iyayenmu da sai an karanta musu. Mu ɗalibai mu buɗe musu ajin yaƙi da jahilci lokacin hutu. Samari su yi gayya a gonakin gwauraye da damina. Dattawa su riƙa karanta lissafin baiko a gaban jama'a. Ƙarshen shekara a zauna a tambaya: mutum nawa suka iya karatu, gona nawa aka nome?

Allah ya ba mu himma, amin.