Tsofaffin Kwamfutocin Ƙasar Gumel da Rubutun Hausa da ke Cikinsu

A lokacin da nake tattara bayanai domin kundin digirina na biyu, na je wani shagon buga takardu a garin Gumel ina neman wani aiki da aka taɓa bugawa a kan waƙoƙin aure na yankin Sule Tankarkar. Mai shagon ya tuna aikin sarai, sai dai kwamfutar da ke ɗauke da shi tuni ya sayar wa 'yan gwangwan, an auna ta a sikeli tare da tsofaffin tukwane.

A ganina, adana irin waɗannan na'urori aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa, kafin ma masu gyara. A farkon shekarun 2000, zamanin gwamnatin Saminu Turaki, kwamfuta ta yaɗu a Jigawa. Ɗalibai daga Gumel da Maigatari da Gagarawa suka riƙa kai rubuce-rubucensu shaguna ana buga musu a kan na'urori masu Pentium III ko Pentium 4. Da yawa an buga su ne da haruffan Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, inda aka ɗora baƙaƙe masu lanƙwasa a kan maɓallan wasu alamomi. Shi ya sa duk wanda ya buɗe irin wannan fayil a sabuwar kwamfuta zai ga "}asa" a madadin "ƙasa", da "]aya" a madadin "ɗaya". Wannan mai sauƙin magancewa ne. Babbar matsalar ita ce a iya kaiwa ga fayil ɗin tukuna, domin faifan floppy da rumbun ajiya mai mahaɗar IDE ba su da gurbi a na'urorin yau.

Kula da tsohuwar na'ura a arewacin Jigawa kuwa sai da haƙuri. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara yana busar da man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ƙarfen da ke sanyaya ta, ƙaramin batirin da ke riƙe kwanan wata yana mutuwa. Kayan gyaran ma ba sa musanyuwa yadda aka ga dama: ƙwaƙwalwar da aka ƙera domin gurbin Socket 370 ba za ta zauna a Socket 478 ba. Sababbi sun daina fitowa, sai dai a bi masu gyara a Kano, ko a riga 'yan gwangwan isa ga na'urar da ta mutu a ciro abin da ke da sauran amfani.

Ba na cewa a tara kowace tsohuwar kwamfuta. Na'ura biyu ko uku masu aiki sun isa, a ajiye su a sashen Hausa na wata cibiya kamar Kwalejin Ilimi ta Gumel, a haɗa sashen da mai gyara guda, a riƙa kwashe fayiloli ana mayar da su tsarin Unicode. Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP tun 2014, don haka kada a haɗa su da intanet.